Tukwanen da Na Binne, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Allah.

Inna, raina a ɓace yake, kuma da laifinki a ciki. Ke kika saba mini da tsayawa kallon abu har ya faɗi sirrinsa. Ko ƙwarya ta fashe ba ki yarwa, sai ki juya ta ki ce, “Tsaya, me kuma za ta iya?” Ke kike hana a tashe ni in na yi shiru da littafin labari a cinya. Ba ki gaya mini akwai gidajen da ake kiran wannan lalaci ba.

Damina ta uku ke nan ruwa na yi mana rowa a Tsamaye. Gero ya ƙone tun yana gwiwa. Wata safiya na lura ciyawa ta yi kore shar a gindin randarmu mai yoyo. Na daɗe tsugune ina dubanta. Sai na tattara tsofaffin tukwane shida, na binne su a bayan gidanmu har wuya, na shuka kuɓewa kewaye da su. Ruwan wankin hatsi nike zubawa ciki in rufe.

Ta fito, Inna! Ganye har ya fi tafin hannuna.

Uwar mijina ta ga bakin tukunya a ƙasa, ta hau salati. Wai asiri na binne wa ɗanta, wai littattafai suka koya mini. Aka tara mutane, aka tone, aka farfasa, aka tattake shukar. Ba wanda ya leƙa ya ga ruwa ne. Maigidana, da ya san komai, ya tsaya yana kallon takalminsa. Yanzu a rijiya mata na janye gugansu daga nawa.

Tukunya ɗaya ta tsira, tana bayan rumbu, kuma kuɓewarta ta fara 'ya'ya. Ran Juma'a za ni kaɗa miya da ita, in zuba wa surukata da hannuna. Sai ta suɗe kwano za ni kai ta ta gani.

Da kina nan, da kin yi dariya kin ce in rage zafi. Na yi kewarki, Innata.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya ba mu ruwa, Ya kama mini harshena ran Juma'a.

Ɗiyarki mai yawan tambaya,
Hadiza