Farautar da Ta Ci Runduna

Zuwa ga maiɗakina Gulbano,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Umma. Yaya ƙafar tata? Ni lafiya lau nake a nan birnin Dilli, sai zafi da kewar girkinki.

Na san labari ya riske ku a Multan cewa rundunar Sarki ta dawo daga yaƙin Bangala, kuma yayanki Bahram bai dawo ba. Allah ya jiƙansa. Waɗanda suka tsira sun shaida mini shi ya tsaya da mutanensa a bakin gada, ya tare abokan gaba har Sarki ya haye. Na sha kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Jiya Waziri ya kira ni, baki cike da ganyen pan da ake taunawa a nan kamar goro, ya ce, "Malam Tajuddin, a littafin tarihin fada Sarki ba ya gudu. Farauta ya je ya dawo. Haka za ka rubuta, in kana son wuyanka." Kin ga ke nan ba a yi yaƙi ba, ba wanda ya mutu, sunan Bahram ya bi ruwa.

Ki ce wa Umma ta kwantar da hankalinta. Na tsufa da alƙalamin nan a hannu, Waziri kuwa a gabana ya koyi naɗa rawani. Sunan ɗanta zai shiga.

Mijinki,
Tajuddin

Gulbano tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya haƙuri?

An karanta babin da na rubuta a gaban Sarki. Farauta suka nema, farauta na ba su. Al'adar littafin ita ce, duk farautar da Sarki ya fita sai a rubuta yawan 'yan rakiya, da abin da aka kamo, da wanda ya fi kowa hidima. Na fara da yabo har makaranci ya nemi ruwa. Sannan na ce Sarki ya fita da mutum dubu arba'in, ya kamo barewa bakwai, ya dawo da dubu tara. Na rufe da cewa: "Wanda ya fi hidima shi ne Bahram na Multan, wanda ya tsaya a bakin gada har dokin Sarki ya haye. Shi bai haye ba."

Waziri tun a wurin yabo yake gyaɗa kai, lissafin ya wuce ta bayan kunnensa. Sarki kam ya ji. Ya zuba mini ido, sannan ya ce, "A bar shi yadda yake."

Bana ba a ba ni rigar girma ba, ko a jikina. Da ni da Waziri da Sarki duk ƙasa za ta rufe mu, littafin zai rage. Wata rana wani zai buɗe shi, ya tambaya wace irin barewa ce ke cin mutum dubu talatin da ɗaya, sai ya ga sunan yayanki a ƙasa.

Ki karanta wa Umma wannan a hankali. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Tajuddin