Baffa Ya Ajiye Min Kwarin Babana a Ƙofar Sito

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, shawara na ce ba wa'azi ba. Masu shirin rubuta min me ya kai ɗan kasuwa farauta, ko da kuɗin ka gina rijiya, ku wuce abinku, na sha jin wannan har ta gundure ni.

Ni a Guangzhou nake, takalma nake saye a Zhanxi Lu ina turawa Kano. Amma gidanmu gidan maharba ne a gefen dajin Falgore, mahaifina Allah ya jiƙansa da baka da kibiya ya ciyar da mu. Ƙaninsa, Baffa, shi ya kawo ni China, shi ya koya min ciniki da mutanen nan da komai ka tambaya su ce maka meyo, wato babu. Ban taɓa musun wannan ba, shi ma kuma bai taɓa bari na manta ba.

Shekara biyu ke nan ina shirin abu ɗaya. A Amurka akwai wata dabba da suke kira elk, kamar gwanki take amma ta fi shi girma, ƙanina da ke karatu a can ne ya fara nuna min ita. Na ce in sha Allahu sai na harbe ta da baka, kuma ba zan ɗauki ɗan jagora ba, da ƙafata zan bi sawunta yadda Baba yake yi. A jihar da na zaɓa, baƙo sai ya shiga ƙuri'a kafin a ba shi takardar izini, bara ban samu ba, bana sunana ya fito. Na yi kwas ɗinsu na farauta, na samu biza, na sayi baka irin na zamani mai ƴan tayoyi. Duk Asabar ina hawan dutsen Baiyun da buhun shinkafa a jakar baya, ƴan China suna ɗaukata hoto kamar sun ga mahaukaci, ban damu ba.

To a gidanmu akwai al'ada, duk sabon daji kibiyar farko ta babba ce. Ƙarami ba ya fara harbi a dajin da babba bai buɗe masa ba, kuma ranar ce ake miƙa masa kwarin ubansa. Kwarin Baba yana hannun Baffa tun rasuwarsa, har nan China ya taho da shi ya rataye a ɗakinsa, ni sai dai kallo in na je gaisuwa. Wallahi ba don naman nake wannan wahalar ba, don kwarin nan ne.

Da Baffa ya ji sunana ya fito sai ya ce ai tare za mu, yana da biza, shi zai saki kibiyar farko. Na zaunar da shi na yi masa bayani, takardar nan suna ɗaya ne a kanta, mai sunan kaɗai zai harba, ko kibiya ɗaya wani ya saki laifi ne, za a iya kama mu, biza ta tafi, ƙanina da zai raka ni ya shiga uku a kan abin da bai ji ba bai gani ba. Ya ce wai a tsakiyar daji wa zai gani, takarda ce take harbi? Ya ce tun ba a haifi wanda ya rubuta dokar ba ake wannan al'adar, in na ƙi kuma kwari ya zama na ɗansa, ɗan da ko kaza bai iya yankawa ba. Daga nan ya shiga bin mutane da maganar, bayan Juma'a kowa ya tare ni, wai ka bi babba a hankali. Mutanen da ba su san gaban kibiya da bayanta ba, su ne masu koya min ladabin farauta.

Ranar da muke ɗaure kayan da za a kai tashar jiragen ruwa ta Huangpu, sito cike da ƴan Kano da ƴan Maraɗi, ya sake tayar da zancen, har yana cewa Baba bai haifi maharbi ba, mai cike fom ya haifa. Nan raina ya ɓaci, na zaro sabon bakana daga jaka na miƙa masa, na ce tunda shi ne maharbin ya ja mu gani. Na san hannunsa yana rawa, na sha ganin shayi yana zube masa, da sanina na yi, ba zan ɓoye muku ba. Ya ja sau biyu tsirkiyar ko motsi, hannun ya ɗauki karkarwa a gaban kowa. Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi da ya fi min sauƙi. Ya ajiye bakan a kan kwali ya sa takalminsa ya fita.

Washegari da safe na tarar da kwarin a jingine a ƙofar sitona, ba saƙo ba komai. Tun ranar ba ya ɗaga wayata, na gaishe shi a masallaci ya kalli gefe. Kuma har yanzu ina jin haushinsa, don shi ya jawo, mutum ba zai zagi ubana da ni a baki ɗaya in yi shiru ba. A kan doka kuma ina da gaskiya, duk wanda zai ce in bar shi ya harba a ɓoye kada ma ya ɓata datarsa.

Saura sati uku jirgina ya tashi. In je in durƙusa masa alhali abin da yake so ba zan iya ba shi ba? In tafi abina tunda kwari ya zo? Ko in bar takardar da na yi shekara biyu ina nema ta mutu? Masu hankalin cikinku ku faɗa min, musamman in akwai ɗan gidan maharba a nan, don jiya na buɗe kwarin. Kibiyoyin Baba goma sha biyu ne, tun ina ƙarami ni nake goge masa su. Na ƙirga sau uku, goma sha ɗaya na samu. Baffa ya riƙe ta farkon.