Ɗinkin Zanen Inna

Barira,

Na tafi kai ƙanina Haladu kemis a Gyadi-Gyadi, ni na fasa masa hanci.

Ɗan ɗinkin nan naki na ratayewa a bango, da kika yi sati uku kina haɗa ƙyallen zanen marigayiya Inna da buhun shinkafa, shi na tarar yana goge baƙin man adaidaita da shi. Ban tsaya tambaya ba, na shaƙe shi na buga kansa a ƙarfen keken. Yana zubar da jini yake ce min, "Yaya, ai kai ka ce tsumma ne."

Ni na faɗa ɗin kuwa. Ki yafe min.

Na jiƙa ɗinkin a baho. Kar ki yar, Inna ba ta bar wani zanen ba.

Sabi'u