Bindigar da Yaya Sale Ya Kawo Gyara

Daren Alhamis, Maigatari

Yau bayan an tashi kasuwa Yaya Sale ya shigo shagona na walda da bindiga a cikin buhu. Wai ta wani abokin cinikinsa ce daga tsallaken iyaka, ƙarfenta ya tsage. Da na juya ta sai ga tambarin wata ƙasar Turai.

Na ce ba zan taɓa ba. Ya yi dariya ya ce, "Kai Habu, liƙi kawai za ka yi. Wa ya ce ka harbi wani?"

Maganar nan ta tsaya mini. Haka masu ƙera ta suke cewa: su dai sun sayar wa gwamnatocinmu, hannun da ta faɗa daga baya ba ruwansu. Ni kuwa kullum cikin zaginsu nake a majalisa.

Wataƙila mai ita shanunsa yake karewa, na zalunce shi. Ban sani ba. Yaya ma bai sani ba, sau biyu na tambaye shi. Ya fita a fusace, wai zai kai ƙarata wajen Inna.

Gobe da sassafe zan riga shi zuwa. Ko Inna ta goya masa baya, ba zan gyara ba.