Kyandirorin Madam Rahila

Juma'a, bayan isha'i

Yau na ji kunya. Gab da magariba na shiga ɗakin Madam Rahila, likita Bayahudiya da ta sauka gidanmu a Zariya. Na tarar ta kunna kyandir biyu, ta rufe fuska da tafukanta, tana motsa baki. Zuciyata ta ce tsafi ne, sai na hure su.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Maman Nana, a wurinmu mace ke kunna su don tarbar Asabar, ranar hutunmu, ta yi wa 'ya'yanta addu'a. Yau na sa har da Nana, saboda zazzaɓinta."

Na ruga neman ashana. Ta ce rana ta riga ta faɗi, addininsu ya hana kunna wuta yanzu, sai wani mako.

Tuwonta na nan ya huce, na kasa kai mata.