Lambar da ke Jikin Madabod

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Na ba direba katin girafik ya kawo miki, wanda ke sa kwamfuta fitar da hoto da sauri, tunda kin ce zanen gidajen da kike yi wa mutane yana tsayar miki da kwamfuta. Amma kada ki soka shi tukuna. Buɗe akwatin kwamfutar ki karanto mini lambar da ke jikin madabod, wato babban allon da ke ciki, ki duba dogon ramin da ke ƙasa da fanka, ki auna wurin da rula. Ki ga kuma ko fawa, mai ba injin wuta, tana da waya mai baki takwas. Ni na haɗa injin nan, na san zai ɗauka, sai dai aiki ya cika mini kai, ban yarda da tunanina ba.

Ki gaida kowa.
Yayanki

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Kati ya iso, Allah ya saka da alheri. Na rubuta lambar a bayan takardar nan. Ramin akwai shi, amma katin ya fi wurin tsawo da yatsa biyu, kuma ban ga waya mai baki takwas ba. Ka bar shi kawai, Yaya. Jiya awa huɗu na yi ina jiran hoto ɗaya ya fita, bayana kamar zai rabe. Mai ginin da nake yi wa zanen ya ce in Alhamis ta wuce zai ba wani mai zane aikin. Na saba.

Ka huta lafiya.
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. Na karanta lambar sau uku. Wannan ba madabod ɗin da na saka miki ba ne, ya girme shi da shekara bakwai. Fawar ma ba tawa ba ce. Wane mai gyara kika kai wa? Faɗa mini shagonsa, ranar Asabar ina zuwa.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Babu mai gyara, kada ka ɗauki alhakin kowa. Baban yara ne. Da ya buɗe shagon wasan bidiyo bara, ya ce in ara masa kayan cikin injina na wata guda, ya zuba mini na tsohuwar kwamfutarsa. Wata goma sha ɗaya ke nan. Duk na tambaya sai ya ce, "Ke da zane kawai kike yi, gaggawar me?" Na ɓoye maka ne don kada ku sake yin irin ta wancan karon, Inna ta kwanta ciwo. Wallahi na gaji da jiran injin, na gaji da rufa masa asiri. Don Allah kada ka zo, kada kuma ka sayi wani madabod. Ni zan yi magana.

Ƙanwarka
Auta

Yaya,

Salam. Na je shagon da sukudireba, na kwance kayana a gaban masu wasa, na mayar da su cikin injina. Lamba ta yi daidai, kati ya zauna, hoto yana fita cikin minti shida. Aikin dai ya riga ya tafi hannun wani. Baban yara bai yi mini magana ba tun Laraba. Ka gaida Inna, ka ce mata muna lafiya.

Auta