Farin Maraƙin Alhaji Zarami

Potiskum

Zuwa ga ƙanwata Ramlat,

Assalamu alaikum. Yaya karatu, yaya Maiduguri? Inna tana gaishe ki.

Ramlat, kaina ya ɗaure. Jar saniyar Alhaji Zarami da nake kiwo ta haihu a daji bayan Damagum, ba kowa sai ni. Uwa ja, uba ja, maraƙi kuwa fari fat, har gashin idonsa. Alhaji ya ce musanya na yi, na kai nasa Kasuwar Shanu. In ban fito da shi ba zai karɓe garken, kuma kin san wanda aka kira ɓarawon maraƙi ba mai sake ba shi ko akuya. Ke da kike karatun halittu, hakan yana faruwa?

Yayanki, Babaji

*

Maiduguri

Yaya Babaji,

Wa alaikumus salam. Yana faruwa. Jikin dabba ƙananan ƙwayoyi ne, kowace da wani zare mai tufka biyu, ana ce masa DNA, shi ke ɗauke da kamanni. Kafin ƙwaya ta rabu biyu sai zaren ya warware, kowane sili ya samu sabon abokin tufka irin wanda ya rabu da shi. Wani lokaci ana yin kuskure a tufkar, launi ya ɓace. Ko kuma farin na kakanni ne, ya ɓuya a jikin iyayen. Ka yi wa Alhaji bayani a hankali.

Ƙanwarka, Ramlat

*

Potiskum

Ramlat,

Bayan gaisuwa, abin ya ƙara lalacewa. Na karanta takardarki har ta yi laushi, ban gane wa ke tufkar a cikin saniya ba. Amma igiya na sani. Sai na ɗauki dabaibayin Alhaji, sabo, na warware a gabansa da baƙinsa, na ce haka cikin saniyarsa yake.

Ya dube ni ya ce, "Babaji, ka ci maraƙina, yanzu kuma igiyata?"

Yunus dillali ya ce, "Alhaji, bar shi ya gama, wataƙila ya tufka maka jan."

Suka yi ta dariya. Alhaji ya sa aka kai farin gidan Yunus, wai kafin mai shi ya zo nema. Ni kuma an ce in dakata a gida.

Ki sa ni a addu'a.

Babaji

*

Potiskum

Ramlat,

Sallama. Tun da aka ɗauke maraƙin saniya ta riƙe nononta, ta ƙi ci, kukanta ya hana unguwar Bolewa sakat. Jiya Alhaji ya gaji ya ce a dawo da shi. Tana jin ƙanshinsa nono ya zubo tun bai kai bakinsa ba. Alhaji ya sa aka kira ni, ya miƙo mini sandar kiwo ya ce, "Rana tana yi."

Bai ce ya yarda ba, ni ma ban tambaya ba. Ina daji da shanun yanzu.

Yayanki, Babaji